Ziyara ta hanyar ruwa: daga Gaweye zuwa zauren jirage na Kainji

 

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, mutanen bakin gulbi tasu zumuntar a jirgi take. Tun ba a yi hanyar mota ba, gulbin Isa ne babbar hanyarsu. Ta nan ake kai amarya. Ta nan ake zuwa gaisuwar mutuwa. Ta nan hatsi da kifi da gishiri suke wucewa gari zuwa gari. A wannan wata za mu bi wannan hanya tare, daga Gaweye cikin birnin Yamai har madatsar ruwa ta Kainji a ƙasar Najeriya. A can akwai wani gini wanda yawancinmu ba su taɓa gani ba. Wuri ne da aka yi don a sauke jirgi daga ruwan bisa zuwa ruwan ƙasa, da kayansa da mutanensa duka a ciki.

Gulbi guda, sunaye da yawa

Gulbin yana tasowa daga duwatsun ƙasar Gine. Ya ratsa Mali, ya shigo Nijar, ya bi gefen Benin, ya shiga Najeriya, sannan ya faɗa teku. Tsawonsa ya kai wajen kilomita 4,200. A cikin ƙasarmu yana tafiyar kilomita 550. Mutanen Mali suna ce masa Joliba. Zabarmawa suna ce masa Isa Beri, watau babban gulbi. Hausawan Najeriya suna ce masa Kwara.

Ruwansa yana cika sau biyu a shekara. Na farko shi ne jan ruwa, na watan Agusta da Satumba. Ruwan damana ne da koramu irin su Goruwal da Dargol da Sirba suke kawowa, haɗe da jar ƙasa. Yana zuwa da gaggawa, wani lokaci da ɓarna. A watan Satumba na 2020 ya kai mita 7 a ma'aunin Yamai, ya ci gidaje da gonakin shinkafa. Na biyu shi ne baƙin ruwa. Shi ruwan saman Gine ne. Yakan daɗe yana yawo cikin fadamun Mali, lakarsa ta kwanta, sai ya iso Yamai cikin hunturu, a watan Disamba da Janairu. Wannan shi ne lokacin tafiya mai nisa. Da bazara kuwa ruwa yakan ja baya, yashi da duwatsu su fito. A shekarar 1985, bayan babban fari, gulbin ya daina gudu a Yamai ɗungum.

Gaweye

Gaweye tana cikin tsofaffin unguwannin Yamai, a bakin ruwa. A gefenta aka gina gadar Kenedi, wadda aka buɗe a 1970. Tsawon gadar mita 710 ne. Kafin a yi ta, jirgin fito ne yake ƙetare da mutane da dabbobi. Da kuɗin uraniyom suka shigo a ƙarshen shekarun 1970, sai aka tashi mutanen unguwar, aka ba su wuri a cikin gari. A filin aka gina babban otel mai sunan Gaweye, da babban ɗakin taro. Gidajen sun tashi, amma bakin ruwan yana nan. Masu wanki suna shanya tufafi. Jirage suna sauke kabewa tuli-tuli. Masunta suna gyaran taru.

Kakana masunci ne daga ƙasar Yawuri. Ya biyo kifi ya hauro gulbi, har ya zauna a Gaweye. Da ubana ya isa aure, sai aka aika gida aka nemo masa mata. A jirgi aka kawo innata. Gwaggona kuma aka kai ta aure Gaya. Kun ga ke nan danginmu suna jere a bakin gulbi, kamar yadda na wasunku suke jere a hanyar kiwo.

A shekarar 2017 saƙo ya zo cewa kawuna, yayan inna, idonsa ya yi rauni. Yana so ya gana da ɗiyan ƙanwarsa tun yana da sauran gani. Rabonsu da juna ya fi shekara 20. Inna ba ta iya doguwar tafiya. Ta kira ni ta ce:

"Kai za ka je mini. Kuma ta ruwa za ka bi, hanyar da aka kawo ni. Mota tana kai mutum Gaya yini guda, amma ba ta tsayawa ƙofar kowa."

Na ce: "To, inna."

Ta haɗa mini tsaraba: kilishi, da sukari, da ganyen shayi, da goro, da turmin zane biyu.

Daga Yamai zuwa Sayi

Mun tashi da safe cikin watan Disamba. Jirgin na katako ne, dogo, da inji a baya da rumfar tabarma a tsakiya. Ya kawo kaya Yamai, zai koma Gaya. Mata da yara suna ƙarƙashin rumfa. Maza suna bisa buhuna. Wani yaro yana tsaye a goshin jirgi da doguwar gora, yana auna zurfi. Wani kuma aikinsa kwashe ruwan da ke shigowa.

Kafin mu tashi, wani ɗan kasuwa ya zo da buhu 10 na siminti. Mai jirgi ya leƙa gefen jirginsa, ya ce ba wuri. Ɗan kasuwa ya ce zai ƙara kuɗi. Mai jirgi ya ce:

"Alhaji, yi haƙuri. Dubi inda ruwa ya kawo. In na ɗauki kayanka, sauran taƙi guda ruwa ya shigo. Ga ɗiyan mutane a ciki."

Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Mun wuce Gamkalle, inda majema suke jan fata. Daga nan sai gonakin shinkafa na Saga da Libore da Ndunga, kore shar har iyakar gani. Gonaki ne da aka gyara, aka yi musu ganuwa da hanyoyin ruwa. Injuna suna jawo ruwan gulbi zuwa cikinsu. Ma'aikatar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke kula da irin wannan aiki tare da ƙungiyoyin manoma. Ana noma sau biyu a shekara. Mun wuce Kollo a hannun hagu. Da la'asar muka isa Sayi a hannun dama.

Sayi garin malamai ne. Alfa Mahaman Jobbo ne ya raya shi, shekara wajen 200 da suka wuce. Nan ne mashigin fatake masu fitowa daga Sakkwato da Gwandu zuwa ƙasar Gurma. Wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth ya ƙetare gulbi a nan a 1853. A 1986 aka buɗe jami'ar Musulunci a kusa da garin. Na kwana gidan wani abokina, wanda muka yi makaranta tare. Yanzu yana noman shinkafa. Mun raba dare muna hira. Kukansa guda ne: yashi yana cike gulbi, bakin injin ban ruwa yana toshewa. Ya ce duk itacen da aka sare a tudu, ƙasar wurin gulbi take gangarowa.

Dajin W da tsibirin Lete

Kashegari muka wuce Kirtashi. Daga nan gulbi ya matse tsakanin duwatsu. Ya karkata hagu, ya karkata dama, ya sake komowa. Wanda ya dube shi a taswira zai ga ya yi kamar harafin W da kuka koya a aji. Shi ya sa aka sa wa dajin da ke hannun dama suna W. An keɓe shi a 1954. Nijar da Benin da Burkina Faso ne suka haɗu a kansa. A gefen Nijar faɗinsa hekta 220,000 ne. An hana farauta da kiwo da saran itace a ciki.

Mun ga birai suna shan ruwa. Mun ga kada kwance bisa yashi. A wata kwana mai jirgi ya rage gudun inji, ya rakuɓe gefe. Ashe dorina ce da ɗanta. Ba wanda ya yi magana sai da muka yi nisa. Masu jirgi suna tsoron dorina mai ɗa fiye da kada, don tana iya kifar da jirgi.

Mun kwana bisa wani yashi kusa da tungar masunta. Sun ba mu tarwaɗa, muka ba su sukari. Cikinsu akwai Zabarmawa, akwai Kabawa, akwai mutanen Mali. Da na faɗi sunan kakana, wani tsoho ya ce ya san shi, sun taɓa zuba mamari tare. Nan take aka ƙaro mini kifi.

A Bumba gulbin Mekuru yake shigowa daga dama, Dallol Boso kuma daga hagu. Daga nan gulbin Isa ya zama iyaka: hagu Nijar, dama Benin. Can gaba sai tsibirin Lete, mai tsawon kilomita 16. Makiyaya sun san shi saboda burgu, ciyawar ruwan nan da shanu suke so. An daɗe ana jayayya a kansa tsakanin ƙasashen biyu, har an yi asarar rayuka a 1960. Daga baya suka kai maganar kotun duniya. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta yanke hukunci. Ta ce iyaka tana bin inda ruwa ya fi zurfi. Cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. Ƙasashen biyu suka karɓa. Mun ga shanu suna iyo zuwa tsibirin, makiyayi yana riƙe da wutsiyar ta baya.

Gaya

Rana ta uku muka isa Gaya. Nan ne aka fi samun ruwan sama a ƙasarmu. Ga giginya, ga rake, ga rogo, ga mangwaro. Gishirin Foga ma ta nan yake fitowa. Tsallaken gada garin Malanbil ne na ƙasar Benin, mai babbar kasuwa.

Gwaggo ta gan ni, ta rufe baki, ta fashe da kuka. Ta ce tafiyata irin ta ubana ce.

"Ɗana, ashe kuna tunawa da mu? Ina wajen innarka? Ina ƙafar tata?"

"Da sauƙi, gwaggo. Tana gaishe ki ƙwarai."

Kwana uku na yi. Ɗiyanta taubasaina ne, sai tsiya suke yi mini. Suna cewa ɗan birni ya zo, a ɓoye filafili kada ya ɗauka muciya ce. Kowace safiya gwaggo takan haɗa ni da yaro, ya kai ni gaisuwa gida-gida. A nan na ji haihuwa biyar da mutuwa uku da ba mu sani ba a Yamai, alhali kowa yana da tarho a aljihu. Tarho yana kai gaisuwa. Amma sai an zauna bisa tabarma guda ake jin abin da ke cikin gida.

Daga Gaya zuwa Yawuri

Na shiga wani jirgin, na ƴan kasuwa masu zuwa Yawuri. Mun wuce Gatawani, muka isa Dole. Garin Dole iyaka ta raba shi biyu, wani gefe Nijar, wani gefe Najeriya. Harshe guda, dangi guda, kuɗi iri biyu. An duba takardunmu, muka wuce. Bayan Lolo da ƙasar Illo, sai gulbin Kabi ya shigo daga hagu. Makiyayan Maraɗi, ku sani ruwanku ma yana nan ciki. Gulbin Maraɗi yana zuba cikin gulbin Rima, Rima ya wuce Sakkwato da Argungu da Birnin Kabi, sannan ya faɗa nan.

Yelwa ita ce babban garin ƙasar Yawuri. Tashar jiragenta ta fi duk wadda na gani girma. A bakin ruwa kafintoci suna ƙera jirage da katako da ƙusa. Masunta daga nesa suna zuwa saye. Ga albasa, ga shinkafa, ga busasshen kifi kwando-kwando. Akwai wani ɗan mitsitsin kifi da suke kira warangi, ana shanya shi a rana, ana auna shi da kwano. Gungawa, watau mutanen tsibirai, su ne gwanayen noman albasa a nan. Sarkawa kuma su ne gwanayen su. Dangin kakana suka karɓe ni. Suka ce kawu yana can Sabuwar Busa wajen babban ɗansa, sai na ƙetare tafki.

Tafkin da ya ci garuruwa

Daga Yawuri gulbi ya buɗe ya zama tafki. Tsawonsa wajen kilomita 135 ne. A wani wuri ba ka ganin gaɓar tsallake. Mutum ne ya yi wannan tafki. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, aka gama a 1968. Tsayin bangon mita 65 ne. Da aka tare ruwa, sai ya taru a baya, ya haye gonaki da tsibirai da garuruwa. An tashi mutum fiye da 40,000, aka gina musu gidajen siminti a tudu. Tsohon garin Busa yana ƙarƙashin ruwa. Duwatsun Busa ma, inda Bature matafiyi Mungo Park ya halaka da jirginsa a 1806, ruwa ya rufe su. Ƙauyen da aka haifi innata yana cikin waɗanda suka nutse.

Itatuwan da ruwa ya ci ba duka suka ruɓe ba. Kututturansu suna tsaye a ƙarƙashi. Mai jirginmu ya san wurarensu, yana kauce musu. Da iska ta taso da rana, igiyar ruwa ta riƙa dukan jirgi. Muka raɓa gaɓa, muka jira ta kwanta. Da yamma muka sauka Malale, na shiga mota zuwa Sabuwar Busa.

Na tarar da kawu zaune a zaure. Na durƙusa na gaishe shi. Ya kama fuskata da hannu biyu, ya matso da ita kusa da idonsa. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya ce:

"Goshin ƙanwata ne. Sannu da zuwa, ɗana. Ta ina ka biyo?"

"Ta ruwa, kawu. Tun daga Gaweye."

Ya yi dariya, ya ce: "To, saura ƙofa guda ba ka gani ba. Gobe zan kai ka."

Zauren jirage

Masu ginin Kainji sun san bango zai yanke hanyar jirage. Don haka suka bar mata ƙofa. Tsakanin ruwan tafki da ruwan da ke ƙasan bango akwai wajen mita 40. Kamar a ɗora doguwar giginya bisa wata ke nan. Yaya jirgi zai sauka wannan rami bai farfashe ba?

Ku dubi zauren gidanku. Yana da ƙofa biyu, ta waje da ta cikin gida. Baƙo yakan shiga, ya zauna, ya jira a yi masa iso. Haka wannan gini yake. Dogon ɗaki ne na siminti, ba rufi, da ƙyauren ƙarfe a kowane ƙarshe. Faransawa suna ce masa ekuluz. Mu sai mu kira shi zauren jirage. Ga yadda yake aiki in jirgi zai sauka:

1. A rufe ƙyauren ƙasa. A cika zaure da ruwan tafki, har ruwan ciki da na tafki su yi daidai.

2. A buɗe ƙyauren bisa. Jirgi ya shiga, a ɗaure shi. A rufe ƙyauren a bayansa.

3. A buɗe kafofin da ke ƙarƙashi. Ruwa ya riƙa fita a hankali. Ruwa yana sauka, jirgi yana sauka tare da shi.

4. In ruwan ciki ya yi daidai da na ƙasa, a buɗe ƙyauren ƙasa. Jirgi ya fita ya kama hanya.

In jirgi zai hau, sai ya shiga ta ƙasa, a rufe, a sako ruwa daga tafki. Ruwa yana cika, jirgi yana tashi. Nauyin ruwa ne yake yin aikin. Ruwa kullum gangare yake nema, kamar yadda kuke gani in kun buɗe wa fangali ruwa a garka. Ba a buɗe ƙyaure biyu lokaci guda. Kuma duk wucewa guda tana cin ruwa cikin zaure, ruwan da bai bi ta injin lantarki ba. Shi ya sa ake tara jirage su shiga tare.

Wani maƙwabcin kawu, ma'aikacin wurin, ya nema mana izini wajen masu tsaro. Muka tsaya daga bisa. Kawu yana riƙe da hannuna. Shi yana faɗi, ni ina dubawa. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki cikin manyan jiragen ƙarfe masu dakon kaya, irin waɗanda wani jirgi mai inji yake turawa daga baya. Ya bi ta wannan zaure ba sau ɗaya ba. Ya ce:

"Ranar farko na ji tsoro. An rufe ƙyaure a bayanmu, ji kake gam. Sai na ga bango yana tsawo. Ashe mu ne muke sauka. Bangon jiƙe yake, ga gansakuka, ga sanyi. Na ɗaga kai, sama ta koma ƴar siririya, kamar kana cikin rijiya. Aikina in kula da igiya, kada jirgi ya bugi bango. In ka yi magana, muryarka ta komo maka. Can sai ƙyauren gaba ya buɗe, haske ya shigo. Ga gulbi yana tafiya abinsa, kamar ba abin da ya faru."

A shekarun 1970 gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin sufurin ruwa. Nufinta kayan ƙasa su riƙa zuwa daga Fatakwal a bakin teku har Gaya, daga watan Satumba zuwa Maris, lokacin da ruwa yake da yawa. Ƙasarmu ba ta da teku, ga shi dakon ruwa ya fi na mota araha. Ta wannan zaure jiragen suke haurowa. Amma abin bai ɗore ba. Kawu ya ce rabin shekara ba ruwan da zai ɗauki babban jirgi, ga shekarun fari, ga yashi, ga manyan motoci sun fi sauri. Ranar da muka je ba mu ga jirgi ko ɗaya ya shiga ba. Jiragen kasuwa suna tsayawa a tafki, a juye kaya cikin mota.

Irin wannan zaure yana wurare da yawa. Madatsar Jeba, wadda ke ƙasa da Kainji, tana da nata. A Markala ta ƙasar Mali, bisa wannan gulbi namu, an gama madatsa a 1947, aka haƙa wa jirage hanya a gefe da zaurenta. A mashigin Panama, wanda aka buɗe a 1914, ana ɗaga manyan jiragen teku mita 26, a sake sauke su a ɗaya gefen. Mashigin Suwez na ƙasar Masar kuwa ba shi da zaure, don tekunan da ya haɗa kusan daidai suke.

Na yi mako guda wajen kawu. Ya ba ni albasa da warangi da hularsa in kai wa inna. Na ɗauki muryarsa a tarho, ya yi mata magana mai tsawo, ya lissafa mata sunayen gidajen ƙauyensu ɗaya bayan ɗaya. Allah ya yi masa rasuwa a 2019.

Abin da ya kamata mu riƙe

Madatsar Kainji ta ba da wuta. Tun 1976 layin lantarki yake kawo ta Yamai ta Birnin Kabi. Kafin 2023, wajen kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasarmu daga Najeriya take zuwa. An yanke ta a watan Agusta na 2023, bayan sauyin mulki, aka maido ta a watan Maris na 2024. A 2023 ɗin kuma aka rufe gadar Gaya. Masu jirage ne suka riƙa ƙetare da jama'a, kamar zamanin kakanni.

Hanyar da na bi a 2017 ta ƙara wuya. Rashin tsaro ya yi yawa a dajin W da kewayen Kainji. Nijar kuma ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu na 2025. Wanda zai yi tafiyar ruwa ya kiyaye waɗannan:

Ya tambayi hukuma da masu jirage halin da hanya take ciki, da takardun da ake bukata.

Ya dubi gefen jirgi kafin ya shiga. In ruwa ya kusa baki, ya jira na gaba. Ku tuna da mai jirgin Gaweye da ya ƙi buhu 10. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, a tafkin Kainji. Waɗanda suka tsira kaɗan ne. Hukuma ta ce kaya da mutane sun fi ƙarfin jirgin.

Kada ya yarda da tafiyar dare. Kututture da dorina ba a ganinsu cikin duhu.

Ya nemi rigar ruwa, wadda ke hana mutum nutsewa, ya sa wa yara tun jirgi bai tashi ba.

Mu ma muna da tamu madatsar a Kandaji, cikin jihar Tilaberi, wajen kilomita 180 bisa Yamai. An aza tubalinta a 2008, aka sake tada aikin a 2019, kuma ya sha jinkiri. An tsara ta don ta ba da wuta, ta shayar da hekta 45,000, ta kuma riƙe ruwa kada gulbi ya sake tsayawa kamar a 1985. Ita ma za ta tashi dubban mutane a ƙasar Ayoru. Mutanen bakin gulbi, in an kira taro ku je, ku yi tambaya tun da wuri. Ta ina jirgi zai wuce? Wa zai kula da ƙofar in an yi ta? Ta ina shanu za su sauka su sha ruwa? Ina za a sami burgu? In an tashi ƙauye, za a zaunar da dangi wuri guda?

Wanda yake da labarin gulbi, ko na wata hanya da ya bi zuwa ganin dangi, ya rubuto mana da hannunsa. Allah ya kiyaye matafiya, na ruwa da na tudu. Sai wata mai zuwa.